Mafarkaina Sun Daɗe Ba Su Iso Ba

A daren farko da na kwana a Helsinki, babban birnin ƙasar Finland, ban yi wani barcin kirki ba. Ƙarshen watan Agusta na sauka, aka ba ni makullin wani ɗan ɗaki a hawa na huɗu, gado ɗaya, tebur ɗaya, da taga mai faɗi. Duk motsin da bututun ruwa ya yi a cikin bango sai na buɗe ido. Na ɗauka gajiyar tafiya ce. Daga baya na karanta cewa a 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Brown da ke Amurka, Masako Tamaki da Yuka Sasaki da abokan aikinsu, sun nuna cewa idan mutum ya kwana a baƙon wuri, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa ba ya nutsewa cikin barci kamar na dama a daren farko. Yakan zauna kamar maigadi, yana kasa kunne. Barcina ya daidaita cikin 'yan kwanaki, sai kuma wani abu dabam ya biyo baya.

A da ni ba mai tuna mafarki ba ne. In kwanta, in tashi, shi ke nan. Amma tun daga tsakiyar Oktoba, da rana ta fara gajarta, na riƙa farkawa da abubuwa a kaina masu launi da ƙamshi da nauyi, har in kai minti goma a bakin gado ina ƙoƙarin tantance inda nake. Na ga kaina a filin jirgi na miƙa fasfo, jami'in ya buɗe, kowane shafi da hoton mutum dabam, kuma duk na san su. Na ga ina magana da ƙanwata, bakina yana fitar da wani harshe da ni kaina ba na ji, ita kuma tana gyaɗa kai kamar ta gane. Bayan an yi dusar ƙanƙara ta farko, na ga tsakar gidan da na girma a cikinsa ya cika da ita, sai dai ɗumi gare ta kamar tokar da aka kwashe yanzu daga murhu, mahaifina kuma, Allah ya jiƙansa, yana tsugune yana tara ta da hannu. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa a lokacin.

Wanda ya girgiza ni shi ne dannau. Wata asuba a ƙarshen Nuwamba na farka, idona biyu, ina ganin labule da hasken fitilar titi a jikinsa, amma ko ɗan yatsa na kasa ɗagawa. Ƙirjina kamar an ɗora masa buhu. A bakin ƙofa kuma akwai wani a tsaye, ban ga fuskarsa ba, amma na tabbata yana nan. Da abin ya sake ni na kunna duk fitilun ɗakin, na zauna jiran wayewar gari, gari kuwa a can a irin wannan lokaci sai wajen ƙarfe tara rana take leƙowa.

Da rana na kira Umma. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma tun a gaisuwa ta ce, "Kai, muryar nan taka ba daidai take ba. Lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, Umma, barci ne dai ba na samu sosai, sai mafarkai barkatai." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Kana addu'ar kwanciya?" Na ce ina yi. Ta ce, "To, mummunan kar ka ba kowa labarinsa, har ni. Ka yi tofi ta hagunka, ka nemi tsari, ka juya kwanciya. Mai kyan kuwa ka riƙe shi, ka faɗa wa mai ƙaunarka."

Maganar nan ta "ka riƙe shi" ita ce ta tsaya mini a rai. Da me zan riƙe shi? Kafin in gama wanke fuska rabinsa ya zube. Kafin in kai tashar jirgin ƙasa babu sauran komai sai abin da ya bari a ƙirji, tsoro ko kewa, ba tare da na san daga ina ya fito ba. Wannan ne ya fi damuna, in wuni ɗauke da nauyin abin da na kasa tunawa. A daren nan na yanke shawarar zan fara rubutawa.

Da waya na fara, kuma ba ta yi ba. Ina kunna ta haske ya doki idona, saƙonni su bayyana, in ga wane ya rubuto, in ga ƙarfe nawa, kafin in buɗe wurin rubutu mafarkin ya yi nisa. Na gwada naɗar murya. Wannan ya ɗan fi, amma da na saurara da rana sai na ji gunguni ne kawai na mai magagin barci, kuma jin muryata a wannan hali cikin ɗakin da ba kowa yana sa ni wani iri. Sai na sayi ƙaramin littafin rubutu mai kauri da biro, na ɗaure biron a jikinsa da zare don kada in riƙa lalube, na samo 'yar fitila mai rauni wadda haskenta ja-ja ne. Kowane dare kafin in kwanta nakan buɗe sabon shafi, in rubuta kwanan wata a sama, in bar littafin a buɗe gefen matashi.

Abin da ya ɗauke ni makonni kafin in koya shi ne kada in motsa. Idan na farka, ba na buɗe ido, ba na juyawa, ba na tunanin abin da ke jirana a ranar. Nakan kama abu na ƙarshe da na gani, in bi shi baya-baya kamar mai warware zare: ina tsaye a bakin ruwa, me ya kawo ni nan, wa nake bi, daga wane ɗaki muka fito. Sai na bi shi sau biyu a zuci kafin in miƙa hannu. Ko da na ɗauki biron ma ba na fara da jimla. Kalmomi huɗu ko biyar nake jefawa a takarda, kamar "jirgi, Baba, ƙofa shuɗiya, ba takalmi", don su zama turaku. Bayan nan ne nake cike tsakaninsu. Na kuma lura idan na rubuta kamar yanzu abin yake faruwa, "ina shiga, ina ganin", abubuwa sun fi dawowa fiye da in ce "na shiga, na ga". A daren da ban tuna komai ba nakan rubuta "babu", in ƙara yadda na tashi, ko da sauƙin rai ko da ƙunci. Ban san dalili ba, amma wannan "babu" ɗin yana hana al'adar mutuwa.

Wani abu da na yi ta fama da shi shi ne son gyara. Mafarki ba ya zuwa a jere. Kana cikin mota, sai ga ka a aji, ba tare da ka sauka ba. Hannu kuwa yana son ya sa "sai na sauka na shiga makaranta" don labarin ya tafi daidai. Duk lokacin da na yi haka na san na ƙara abin da ban gani ba. Sai na ɗauki dabarar ja ɗan layi a duk inda mafarkin ya yi tsalle, in bar gurbin yadda yake. Idan mutum yana da fuskar wani amma a cikin mafarkin na san wani ne dabam, haka nake rubutawa, fuskar wane, amma wane ne. Irin waɗannan wuraren da ba su haɗu ba, daga baya su ne suka fi gaya mini wani abu.

A tsakanin nan na shiga karance-karance a kan barci, domin ina so in san ko wani abu ne ya lalace a kaina. A 1953 ne Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman a Jami'ar Chicago suka bayyana cewa akwai wani mataki na barci da ƙwayar ido take kai-komo da sauri a ƙarƙashin fatar ido, kuma idan aka tashi mutum a wannan lokaci galibi yakan ce mafarki yake yi. Barci yana zagayawa ne, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma wannan barci na motsin ido gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo yayin da asuba take matsowa. Shi ya sa mafarkin goshin asuba ya fi tsawo da launi. A lokacinsa sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsoro da motsin rai suna aiki sosai, sashen gaba mai auna abu da hankali kuma ya lafa, don haka kake ganin ƙanƙara mai ɗumi ba ka yi mamaki ba. Jiki kuma ana ɗaure shi, tsokoki su saki, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Dannau shi ne farkawar hankali alhali ɗaurin nan bai kwance ba, mafarkin kuma bai gama janyewa ba, sai ya zubo cikin ɗakin da kake kallo. Sanin wannan bai hana shi dawowa ba, amma da ya dawo a Disamba na san abin da zan yi: na daina kokawa da shi, na mai da hankali ga numfashi da ƙoƙarin motsa yatsan ƙafa ɗaya, ina karanta abin da ya sauwaƙa a zuci, har ya wuce.

Maganar Umma a kan mummunan mafarki ta sa ni tunani mai tsawo. Shin rubutawa ba bayar da labari ba ne? Na daɗe ina juya abin. Inda na tsaya shi ne, mafarkin da yake tsoratarwa zalla, wanda ba shi da komai sai firgici, ba na rubuta abin da ke cikinsa. Nakan yi abin da aka koyar, in sa ɗan baƙin ɗigo a shafin ranar, in wuce. Ɗigon ya isa ya gaya mini daga baya cewa daren nan ya yi nauyi. Littafin kuma ba wanda nake nuna wa. Ba na cewa haka kowa zai yi, amma ni ya kwantar mini da hankali, kuma na lura mafarkin da ban ba shi kalmomi ba yakan bushe da wuri.

Kuskuren da na fi daɗewa a cikinsa shi ne neman fassara kowace safiya. Ina gama rubutu sai in shiga intanet: ganin ruwa, ganin mamaci, faɗuwar haƙori. Kowane shafi da abin da zai ce, kuma rabinsu suna jingina maganarsu ga Ibn Sirin, malamin nan na Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, duk da cewa malamai da dama suna shakkar ko shi ya rubuta littafin fassarar da ake yawo da shi da sunansa. Sai in wuni ina jiran wani abu ya faru. Na ga ruwa ya ci gida, in kira gida da faɗuwar gaba. Wannan ya gajiyar da ni fiye da mafarkan kansu. Abin da ya fitar da ni, ta hanyar Ibn Sirin ɗin ya zo: hadisin da ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda yake cikin Bukhari da Muslim, cewa mafarki iri uku ne, akwai bushara daga Allah, akwai na baƙanta rai daga Shaiɗan, akwai kuma abin da mutum yake zancen zuci da shi. Na san hadisin tun ina yaro, amma kullum hankalina a kan biyun farko yake. Na ukun ban taɓa ba shi muhimmanci ba. Ga ni kuwa mutum ne da yake wuni bai yi magana da kowa da harshensa ba, zancen zuci ya taru ya yi tudu, dole ya nemi hanyar fita da dare. Daga ranar na kafa wa kaina doka: da safe rubutu kawai, ba fassara. Karatu sai ƙarshen wata.

Na kuma ƙara wani abu a gefen kowane shafi. Na ci karo da aikin Calvin Hall da Robert Van de Castle, waɗanda a 1966 suka fitar da tsari na ƙidaya abin da ke cikin mafarkai, wato su wa suka bayyana, a ina, me ya gudana tsakaninsu, wane motsin rai aka ji. Ba su damu da ma'anar ganin maciji ba, sun damu da sau nawa abu yake dawowa. Cikin abin da suka samu har da cewa tsoro da damuwa da fushi sun fi farin ciki yawa a mafarkan mutane masu ƙoshin lafiya, wanda ya sauke mini wani nauyi. Tsarinsu yana da faɗi, ni abu huɗu kawai na ɗauka: wuri, mutane, harshen da aka yi magana da shi, da yadda na ji da na farka. A ƙasan shafi kuma in sa ƙarfe nawa na kwanta, ƙarfe nawa na tashi, da abu ɗaya da ya faru a ranar da ta gabata.

Ƙarshen Janairu na zauna na karanta wata biyu a jere, da jan biro a hannu. Abin da na gani ban taɓa lura da shi ba ina rubutawa kullum. Wata biyar ke nan ina zaune a wannan birni, ina hawa jirgin ƙasa ɗaya kowace safiya, ina ganin fuskoki ɗaya a wurin aiki, amma a ƙarƙashin "wuri" kusan kowane shafi gida ne: tsakar gida, makarantar da na yi tun ina ƙarami, hanyar da nake bi in je ta. Ɗakin da nake kwana a cikinsa bai fito ko sau ɗaya ba, in ban da daren dannau. Sabuwar ƙasar tana shigowa ne a gutsure, ƙanƙara a nan, ƙarar ƙofar jirgi a can, duk a zube cikin tsohon wuri. Masanin barcin nan na Faransa, Michel Jouvet na birnin Lyon, ya rubuta mafarkansa fiye da 2,000, kuma ya lura cewa idan ya yi tafiya zuwa wata ƙasa, sai bayan kimanin mako guda sabon wurin yake fara zama filin mafarkinsa. Kafin nan yana can jikinsa, mafarkinsa yana gida. Tore Nielsen a Montreal da ke Kanada shi ma ya yi bincike a kan irin wannan jinkiri, inda abin da ya faru da rana yake fitowa a daren farko ko na biyu, ya ɓace, sannan ya sake dawowa bayan kwana 5 zuwa 7. Nawa jinkirin ya wuce mako nesa ba kusa ba. Na daɗe ina kallon shafukan nan. A ganina Jouvet baƙo ne mai tikitin komawa a aljihu, ni kuwa na zo zama ne, kuma wani ɓangare nawa bai yarda da hakan ba tukuna.

Ƙasan shafin ma ya yi magana, kuma tasa mai sauƙi ce. Baƙaƙen ɗigon nan sun taru ne a safiyar Asabar da Lahadi. A ranakun aiki ina kwanciya bayan ɗaya na dare, in tashi shida, wato ina yanke daidai wutsiyar barcin da mafarki ya fi yawa a cikinta. Tun 1960 William Dement ya nuna cewa idan aka tauye wa mutum barcin motsin ido, jiki yakan rama shi da ƙari da zarar ya samu dama. Ramuwar ce take sauko mini a ƙarshen mako gaba ɗaya. Dannau ɗin duka biyu sun zo ne bayan gajerun darare, kuma ina kwance rigingine. Ga kuma duhu. A tsakiyar Disamba rana a Helsinki ba ta cika awa 6 a sama ba, ta fito bayan tara, ta faɗi jim kaɗan bayan uku. Agogon jiki da haske yake saita kansa, sinadarin melatonin da ke sa jin barci duhu ne yake kiran sa, ni kuwa in fita cikin duhu, in dawo cikin duhu. Na je wurin likita da littafin, ban nuna mata mafarkan ba, sai jerin lokutan kwanciya da tashi. Ta tambaye ni ko ina shan wani magani, domin akwai magungunan da suke tsananta mafarki, irin su wani maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna mefloquine, da wasu na damuwa da na hawan jini. Ba na shan komai. Ta ba ni shawarar in tsayar da lokacin kwanciya ɗaya har da ƙarshen mako, in daina shan kofi bayan azahar, in kuma riƙa zama gaban fitilar nan mai tsananin haske da ake amfani da ita a ƙasashen arewa, kamar rabin awa da safe. Cikin makonni uku ɗigon ya ragu sosai.

Mafarkin fasfo ne ya ƙi tafiya. Yakan sauya kaya, wani lokaci tikiti ne, wani lokaci sunana ne ba a gani a jerin sunaye, amma kullum ina gaban wani tebur ana neman in tabbatar da ko ni wane ne, kuma na kasa. Akwai wata hanya da likitocin barci suke koya wa masu fama da mafarki mai maimaituwa: da rana, ido biyu, mutum ya sake tsara mafarkin yadda yake so ya kasance, ya rubuta, ya riƙa bitarsa a zuci na 'yan mintoci kowace rana. Na gwada. A nawa sabon tsarin, jami'in yana buɗe fasfon, yana duba hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, ya ce duk naka ne, wuce. Na yi kamar mako biyu ina bitarsa a jirgin ƙasa. Mafarkin bai zo da wannan ƙarshen ba ko sau ɗaya, amma ya yi laushi. Na ƙarshe da na rubuta, ina gaban teburin ne, ba kowa a bayansa, sai na zagaya na wuce.

A watan Maris wurare suka fara haɗuwa. Na buɗe ƙofar ɗakin Umma, sai ga ni a matakalar benen da nake zaune. Wata abokiyar aikina ta zauna a tsakar gidanmu tana duba takardu, kuma ba wanda ya yi mamakin ganinta. Ƙarƙashin "harshe" na fara rubuta biyu, wani lokaci uku, har da 'yan kalmomin Finlanci da nake ji kullum a sanarwar jirgi. Akwai daren da na yi mafarki gaba ɗayansa a bakin teku a nan birnin, ba wani abu na gida a ciki. Da na gama rubuta shi na ji abu biyu tare, sauƙi da kuma wani ɗan zafi, kamar na saki hannun wani a cikin taro.

Da bazara ta zo abin ya juye. A watan Yuni rana takan kai kusan awa 19 a sama, dare ba ya yin baƙi sosai. Na sa labule mai kauri, barcina ya zama guntu-guntu, shafukan lokacin nan yawancinsu layi biyu ne ko "babu". Ban tilasta ba.

Shafukan Baba kuwa sai da na cika littafi na biyu na iya karanta su a jere. Na bi da jan biro na ware duk inda ya fito, sun kai goma sha wani abu. A kowane ɗaya yana cikin wani aiki: yana tara ƙanƙara, yana gyara ƙofa, yana ɗaure kaya, yana tafiya a gabana. A kowane ɗaya bayansa nake gani ko gefen fuskarsa. Bai taɓa magana ba, ni ma ban taɓa kiran sa ba. Da ɗai-ɗai nake rubuta su ban ga wannan ba, kowanne na ɗauke shi wani baƙon mafarki ne kawai. Da suka jeru sai na tuna abin da na daɗe ina kauce wa. Lokacin jinyarsa ta ƙarshe ina wani gari wurin aiki, ina ta cewa sai ƙarshen wata zan zo, ban kuwa same shi da rai ba. Shekara huɗu ina cikin mutane da hidima, ban taɓa zama da wannan ba. Sai da na zo inda ba mai ƙwanƙwasa mini ƙofa, dare ya yi tsawo, sannan abin ya samu wuri. A daren nan ban rubuta komai ba. Na yi masa addu'a mai tsawo, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ban ce wannan ne ya kawo abin da ya biyo baya ba, abin da na sani dai shi ne jerin kwanakin da ke cikin littafin. A Oktoba na shekara ta biyu, da duhu ya fara dawowa, na yi mafarki ina zaune a teburin ɗakina na hawa huɗu, aka ƙwanƙwasa. Na buɗe, Baba ne. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya shigo, ya dubi tagar, ya dubi gadon, ya taɓa bututun ɗumama ɗaki da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Sannan ya juyo ya dube ni sosai, ya ce, "Nan kake?" Na ce, "Nan nake, Baba." Ya gyaɗa kai, ya zauna a kujerar.

Na farka ban motsa ba. Na bi shi sau biyu a zuci, na jefa kalmomina, takalmi, taga, bayan hannu, nan kake, sannan na cike tsakaninsu. Ƙarƙashin "wuri" na rubuta: ɗakina. Na jira har na san Umma ta idar da sallah ta zauna, sannan na kira.

"Umma, kin ce mai kyau in faɗa wa mai ƙaunata."

"Na ce. Alheri ne in sha Allahu. Faɗa mini."

Na karanta mata shafin yadda yake, har da inda na ja layi. Ta yi shiru har na duba wayar ko ta yanke. Can ta ce, "Allah ya kai haske kabarinsa." Na ce amin. Ta ce, "Da wace riga ka gan shi?"

Na duba shafin. Ban rubuta ba. Na rufe ido, ina riƙe da wayar a kunne, ita kuma tana jira.